Masuntan Tudu da Kuɗin Gwamnati

Idan aka ambaci Makarfi, rake da mazarƙwaila ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Ikara tumatir da masara, Kudan da Hunkuyi rake da albasa, sai inabin da ya shigo baya-bayan nan. Ba wanda zai ce kifi. Ba mu da gulbi irin na Yawuri, ba mu da tafki irin na Baga. Duk da haka mun yi masunta, har gobe da sauransu, kuma ni jikan ɗaya daga cikinsu ne ta wajen uwa. Shi ya sa duk lokacin da na ji a rediyo an ce gwamnati ta ware kuɗi don masunta su koma amfani da kayan da ba sa ƙarar da kifi, nakan kasa kunne. Maganar ta girmi yawancin masu yin ta.

Ƙasarmu tudu ce, tana kusa da doron da ya raba ruwa gida biyu. Ruwan saman da ya sauka ta kudu yakan gangara Galma, ya wuce ta gefen Zariya, ya faɗa kogin Kaduna, daga nan sai Neja. Wanda ya sauka ta arewa, wajen iyakarmu da Rogo da Kiru da Tudun Wada, hanyarsa daban: kogin Kano da Challawa, Haɗeja, Yobe, har Tafkin Chadi. Mu a kan rafuka muke, inda suke farawa ƙanana. Rafinmu yakan yi hauka a watan Agusta, ya ci gona ya ci gada, amma kafin sanyi ya wuce ya yanke, ya bar gurabe nan da can cikin yashi. A kan waɗannan guraben, da fadamu, da kududdufan bayan gari da aka ɗebi ƙasar gini, aka gina duk sana'ar su a wurinmu.

Masuncin tudu manomi ne kafin komai. Kakana yana da gonar dawa da 'yar fadamar rake. Su aikin rani ne da na dare. Bai taɓa mallakar kwalekwale ba. Gora ce jirginsa, ƙatuwa mai baki a sama, ya kifa ciki a kanta ya yi iyo, abin da ya kama ya jefa a ciki. Kayansa ba su da yawa: homa biyu, koma, birgi guda, sankiya da yake saƙawa da kansa, sai mamari mai jerin ƙugiyoyi da yake ɗanawa da magariba ya duba da asuba. Zaren ma shi yake murzawa, na auduga ko na rama, ya saƙa a zaure ana hira, sannan a jiƙa a ruwan bagaruwa don kada ya yi saurin ruɓewa. Birgi ɗaya sai ya ci masa watanni, kuma in an fito da shi daga ruwa dole a shanya. Wannan wahalar ita kanta kariya ce ga kifi, ko da yake ba wanda ya shirya ta don haka. Mai saƙa raga da hannu ba ya son ƙaramin ido, domin kowane ido ƙulli ne, in ka rage faɗin ido da rabi ƙullin ya ninka huɗu. Da yatsu ake aunawa: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu.

Kariyar da ta fi wannan girma kuwa lokaci ne. Da damina ta sauka rafuka suka kawo, tarwaɗa da karfasa da kawara sukan hau sama, su bazu cikin ciyawar fadama su saki ƙwai. A lokacin kowa na gona, ba mai sukunin bin kifi sai yara da fatsa. Da kaka, ruwa na ja da baya, a ɗana sankiya a bakin magudanai. Da rafi ya yanke, sai manyan gurabe su shiga hani. Sarkin Ruwa, ko dattijon da gidansu ya gaji gurbin, shi zai sanar da yawun mai gari, kuma daga ranar ba mai jefa ko ƙugiya. Wanda aka kama a karɓe kayansa, a ci shi tara, abin da ya fi tarar ciwo kuma a ji sunansa a kasuwa. Sai bazara ta yi nisa, ruwa ya yi ƙasa, hatsi ya fara ja baya a rumbu, a sa rana, a yi shela a kasuwannin kewaye, a zo da kiɗa a faɗa ruwa gaba ɗaya. A fitar da kason mai gari da na Sarkin Ruwa, saura kowa ya tafi da rabonsa. A ƙasar Kabi irin wannan al'adar ce ta zama bikin Argungu, wanda ya ɗauki sigarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattalinsu a 2016. Kusa da mu akwai sun Maska a ƙasar Funtuwa. Namu ƙanana ne, ba gwamna ba ɗan jarida, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ranar su da hannu da homa ake kamu, cikin ruwan da aka dagula, na 'yan sa'o'i kawai. Komai yawan jama'a sai wani kifin ya tsira a ƙarƙashin saiwa ko cikin taɓo, shi ne zai hayayyafa da damina. Kakana yakan ce wanda ya kwashe gurbi tas, da manomin da ya daka irinsa ya tuƙa tuwo, duk ɗaya ne.

Kada a ɗauka mutanen dā waliyyai ne. Sun san majimfa, tsiron nan da ake daka ganyensa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Suna kuma datse ƙaramin gurbi su kwarfe ruwansa da ƙwarya. Sai dai ƙarfin majimfa ba ya daɗewa a ruwa, ƙwarya kuma ba ta iya ganin bayan babban gurbi. Iyakar ƙarfin hannunsu, iyakar ɓarnarsu.

Gwamnati ta shigo harkar kifi a makare, kuma ta Legas ta shigo. Turawan mulki sun fara kula da ita ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kifin da ake kawowa daga Turai ya yi wuya. A Arewa, a farkon shekarun 1950 aka gina gonar kifi ta Panyam a Filato, a 1967 kuma Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafi a kan kifaye da sana'ar su ta Arewa, aikin William Reed da abokansa, cikinsu har da Ibrahim Yaro. Na gan shi a ɗakin karatu a Zariya ina ɗalibi, na yi ta murnar ganin zanen ƙurungu da minjirya da gaiwa a littafin boko. Tunanin ma'aikatan wancan zamani, a nan da sauran ƙasashen Afirka, guda ne: ruwa cike yake da kifi, masunci ne kayansa suka gaza. Maganin gazawar kuwa ya riga ya fito daga masana'anta, zaren nailan. Ba ya ruɓewa, ba ya bukatar bagaruwa, a saƙe ake sayensa bandir-bandir, da kowane irin ido mutum yake so. Ƙaramin ido ya daina zama wahala. Kalli, wanda ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana a ruwa, ya zama kayan kowa, kuma 'yan kasuwar Sabon Garin Zariya da na Kano sun kai shi ƙauye tun kafin wani ma'aikaci ya iso.

Sai zamanin madatsai. Kainji a 1968. Tiga, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina a kan kogin Kano, an gama shi a 1974, tun jama'a ba su warke daga farin 1973 ba, kuma daga Ikara ba nisa. Zariya ta samu nata dam a kan Galma, ga Kangimi, ga ƙanana na ruwan sha irin na Gimbawa a ƙasar Ikara. Daga baya Challawa a Ƙaraye, 1992, ya kusanci mutanen Makarfi ta wajen Rogo. Karon farko ke nan da ƙasar tudu ta ga babban ruwan da ba ya yankewa da rani. Masunta na gado suka taso daga Kabi da Yawuri da Haɗeja suka kafa sansani, daga baya aka ga gura, tarkon nan da mutanen Mali suka kawo. Samarinmu, cikinsu har da kawuna, suka bi su suka koyi tuƙi da shimfiɗa kalli. Ruwan dam kuwa ba na gidan kowa ba ne. Ba wanda ya gaje shi, ba wanda zai sa masa hani a ji. Na hukuma ne, hukuma kuma tana birni.

Tallafi na gaske ya zo ne da arzikin man fetur. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta fito da shirin hanzarta samar da kifi, ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, ga na Shagari na bunƙasa noma a 1980. A wannan tsakani aka riƙa sayar wa masunta raga da igiya da ƙugiya da injin kwalekwale a kan rabin kuɗi, ta hannun ƙungiyoyin gama kai. Niyyar mai kyau ce, an so talaka ya ci kifi da araha. Amma tallafin ƙara kamu ne zalla, kuma don masu kwalekwale aka tsara shi. Kawuna ya taɓa zuwa wani ofishi neman nasa rabon. Ya ce da aka miƙo takarda, tambayar farko sunan ƙungiya, ta biyu kwalekwale nawa, ta uku inji mai doki nawa ake so. Ya ce wa akawun, “Ranka ya daɗe, mu a wajenmu gora ce.” Akawun ya yi dariya ya ce, “To, Malam, babu layin gora a takardar nan.” Ya dawo hannu rabbana, bayan 'yan makonni ya sayi irin ragar a kasuwa da cikakken kuɗi.

Abin da yawan kaya ke yi wa ruwa ya bayyana a Kainji tun da wuri. Sabon tafki yakan yi albarka a shekarun farko, saboda ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye sun zama abinci. A 1971 an ƙiyasta kamun Kainji da tan dubu 28 da ɗoriya. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon tafki ce, sauran kuwa yawan raga ne da ƙanƙancewar idonta. Kifi ya ragu, masunci ya sayi mai ƙaramin ido don ya cika kwando, baɗi kifin ya ƙara raguwa.

Ana cikin haka shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986. Naira ta faɗi, tallafi ya janye, raga kuwa yawanci daga waje take zuwa. Kalli na roba, siririn nan mai zare ɗaya da kifi ba ya gani, ya cika kasuwa saboda araha. Ba a cika gyara shi ba, in ya yage a bar shi a ruwa yana ta kashe kifin da ba mai ɗauka. Waɗanda ba su da kuɗin ko wannan suka koma ga gamalin, maganin ƙwarin da aka shigo da shi don gonakin koko. A zuba kaɗan a gurbi da daddare, da safe komai ya taso, kifi da kwaɗo da ƙaguwa, ga shanu na sha a ƙasa. Mahaifiyata, wadda ta gaji bandar kifi daga gidansu, tana gane kifin gamalin daga laushin jikinsa da warinsa. Sai ta ajiye ta ce wa mai tallan, “Ɗan nan, ka ji tsoron Allah,” ta wuce. Sai a 2009 aka sa sinadarin cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina, ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm.

A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, doka mai lamba 108. Ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma ce kada idon raga ya gaza milimita 76, inci uku ke nan, in ban da ragar warangi da aka keɓe. A takarda dokar ba ta da laifi: karfasar da ta maƙale a ido mai inci uku ta riga ta girma ta yi ƙwai. Sai dai ba ta zo da ko kwabo ba. An ce wa mutum ragar da ya ci bashi ya saya ta haramta, ba a ce ga wata ba. Sannan daidai manyan ruwaye aka auna ta. Da yawa daga kifin rafukanmu ƙananan jinsi ne, ko sun tsufa ba za su cika ido mai inci uku ba, mai bin dokar a rafin tudu wanke raga kawai zai yi. Don haka ba a bi ba. Jami'in da zai sa a bi, in ma akwai shi, tun daga nesa ake hango ƙurar babur ɗinsa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Inda aka fi kusantar yin abin da ya dace shi ne Kainji, kuma ya kamata mutanenmu su san labarin. A 1993 Nijeriya da Jamus suka fara wani aikin haɗin gwiwa a tafkin: hukumar GTZ ta Jamus, cibiyar binciken kifi ta New Bussa, da jihohin Neja da Kebbi. Da ƙirga suka fara. Ƙauyuka nawa, kwalekwale nawa, raga iri nawa, me kowace ke kamawa, wata bayan wata. Ƙirgar ta nuna inda ciwon yake, wato dala, doguwar ragar nan mai matsattsen ido da ake kewaye ruwa da ita a ja zuwa gaɓa. Don warangi ake jan ta, amma tana kwaso 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa tun ba su kai yatsa ba. Masu ita 'yan kaɗan ne masu jari, asarar kuwa ta kowa ce. Jihohin biyu suka yi dokokinsu, aka kafa rukunin kula da tafkin, aka shigar da sarakunan yankin da sarakunan ruwa na ƙauyuka, aka riƙa bayani da Hausa a rediyo da tarurruka, aka fara yankar lasisi, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka tsaya kan hana dala. An kuma yi ƙoƙarin nema wa mutane wata hanyar samu, har da inganta kiwon kaji da dashen itatuwa.

Dala ta ragu ƙwarai a lokacin. Bayan aikin ya ƙare a farkon shekarun 2000, kuɗin Jamus ya tafi, sintiri ya yi sanyi, sai ta riƙa komawa ruwa. A ganina hanin ya yi aiki ne muddin Sarkin Ruwa yana da baya, ya kuma sassauta ranar da mai dala ya lissafa ya ga zakara ba zai maye masa jarin da ya ajiye a rataye ba.

A wajenmu kuwa, kuɗin gwamnatin da ya fi taɓa kifi ba a ma rubuta kifi a kansa ba. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa a farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa ya yaɗa. Ba ni da bakin zaginsa. Da injin nan aka yi tumatirin rani da albasa da barkono, da shi yara da yawa suka yi makaranta, har da nawa. Amma yana yi wa gurbi cikin kwana biyu abin da ƙwarya ba ta iyawa a wata. Guraben da ke riƙe kifi har ruwan farko suka koma yashi tun Fabrairu, wasu ma da gangan suke kafa inji su zuƙe ruwa su tsince kifi da hannu. Ga tankin feshi da ake wankewa a bakin rafi, ga noma har gaɓa, ƙasa tana gangarowa tana cike zurfi, ga masu ɗibar yashi da tifa. Fadama na biyu, wanda Kaduna na cikin jihohinsa daga 2004, da na uku bayansa, sun gyara wani abu: sun lissafa masunta da makiyaya da mafarauta cikin masu amfani da fadama, ƙungiya ta zaɓi abin da take so ta biya wani kaso, shiri ya cika saura. Masuntan da na sani raga suka zaɓa, ko kududdufin siminti na kiwon tarwaɗa. Ba laifinsu ba ne. Abin da za a saya a kawo rasit shi ake ba da kuɗinsa, hani kuwa ba shi da rasit.

Raga guda ce gwamnati ta raba kyauta ta kuma isa kusan kowane gida, ita ce gidan sauro. Tun babban rabon da aka fara daga Kano a 2009 ta ceci yara daga zazzaɓi, wannan ba gardama. Amma je ka bakin fadama da kaka ka ga mata da yara biyu-biyu suna jan tsohon gidan sauro cikin ruwa. Ba abin da ke tsira. Ba a nan kaɗai ba, an ga haka a tafkin Malawi da na Tanganyika da fadamun Zambiya. Wanda zai tsaya yi musu wa'azi ya fara leƙa tukunyar da za a zuba 'yan kifin.

A bakin teku labarin ya bambanta, domin can akwai mai saye mai ƙarfi. Amurka ta kafa doka a 1989 cewa ba za ta sayi jatan lande daga ƙasar da jiragenta ke kashe kunkurun teku ba. Kamfanonin Legas suka sa wata ƙofa ta ƙarfe cikin ragar jirgi, wadda kunkuru ke fita ta nan, gwamnati ta mayar da shi doka, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka taimaka da gwaji da horo. An bi ne saboda tsoron rasa kasuwa. Mai sayen tarwaɗa a Tashar Yari ba ya tambayar idon ragar da ta kamo ta. A 2022 kuma ƙungiyar ciniki ta duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta cimma yarjejeniyar hana tallafin da ke ƙarar da kifi, Nijeriya ta amince da ita a 2023. An amsa ke nan cewa kuɗin gwamnati da kansa yana iya zama mai ɓarnar. Sai dai yarjejeniyar ta teku ce kawai, ruwan daɗi ba ya ciki.

Ƙasashen da suka fi jan hankalina biyu ne, domin sun gane cewa jira ya fi raga tsada. Masuncin da ya ajiye mai yatsa biyu ya ɗauki mai huɗu, kamunsa zai faɗi nan take, ba zai dawo ba sai ƙananan sun girma, damina ɗaya ko biyu, kuma sai in maƙwabcinsa ma ya ajiye. Wa zai ciyar da gidansa a tsakani? A Barazil, tun shekarun 1990, ƙaramin masunci mai rajista yana karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa duk wata a lokacin da aka rufe ruwa don kifi ya hayayyafa. A Bangaladash gwamnati na ba gidan masunci shinkafa, kilo 40 a wata, a watannin da aka hana kama 'ya'yan kifin hilsa, kuma kamun hilsa ya farfaɗo bayan faɗuwar da ya yi a farkon shekarun 2000. Dukansu suna fama da sunayen bogi da jinkirin biya, ciwon da mu ma muka sani. Amma abin da suke biya shi ne daidai abin da garuruwanmu ke ɗaukar nauyinsa a dā ba tare da kuɗi ba, lokacin da kowa ke haƙura tare, a ci tare ranar su, gona kuma na riƙe da gida.

Yau yawancin kifin da ake ci a Makarfi da Ikara da Hunkuyi ba na ruwanmu ba ne. Na ƙanƙara ne da ke zuwa cikin kwali daga tashar jirgin Legas, sai banda daga Haɗeja da Baga da Tiga, sai tarwaɗar kiwo ta siminti da tampol, wadda tsadar abinci ke karya masu ita. A 2023 an ƙirƙiri ma'aikatar tattalin arzikin teku, daga baya aka mayar da sashen kifi na tarayya ƙarƙashinta. Sunan kaɗai ya nuna inda fuskarta ke kallo.

Abin da ya rage mana ƙananan madatsai ne da 'yan guraben da ba su cike ba, kuma ƙanƙantarsu ce za ta sa a iya riƙe su, don masuntan ƙaramin dam sun san juna da suna. In da za a ware kuɗi gobe a tambaye ni, zan ce a karɓi tsohuwar raga hannu da hannu a ƙone ta gaban jama'a kafin a miƙa sabuwa, in ba haka ba mutum zai haɗa biyu. Idon da za a yarda da shi, masunta da masana su tsayar da shi a bakin ruwan da ake magana a kai. A ba gidan masunci buhun masara a watannin hani, Sarkin Ruwa ya samu takardar ƙaramar hukuma da ɗan alawus, yadda in ya karɓe raga ba shi za a kai kotu ba. Dole kuma masu lambu su kasance a zaman, a kafa turke cikin ruwa, a ce in ruwa ya sauka zuwa nan inji ya tsaya. Turken nan shi zai jawo rigima mafi zafi, domin a watan Maris tumatir na bukatar ruwa fiye da kullum, kuma a gidaje da yawa, har da namu, mai injin da mai ragar uwa ɗaya uba ɗaya suke.